Darasi: Jam'iyyun Siyasa da Ƙuri'armu

Manufar darasi: Mu gane aikin jam'iyya a mulkin dimokuraɗiyya, da yadda mutanen ƙauye za su sa baki a cikinta.

Mece ce jam'iyya?

Jam'iyya ƙungiya ce ta mutanen da suka haɗa kai don neman mulki ta hanyar ƙuri'a. Kamar gayya take: gonar da ta fi ƙarfin mutum ɗaya, jama'a sukan nome ta a yini guda. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 bai yarda kowa ya tsaya takara ba sai jam'iyya ta tsayar da shi. Shi ya sa a takardar ƙuri'a alamar jam'iyya muke dangwala wa.

Ayyukanta guda uku

1. Fid da 'yan takara, daga kansila har shugaban ƙasa.
2. Bayyana abin da za ta yi game da taki, makaranta, asibiti, hanya da tsaro.
3. In ta ci zaɓe ta kafa gwamnati. In ta faɗi ta zama 'yar adawa, tana sa ido a kan yadda ake kashe kuɗin jama'a.

Abin da muka gani a Jihar Kebbi

A 1999 Adamu Aliero ya zama gwamna a jam'iyyar APP. A 2007 PDP ta karɓa da Sa'idu Dakingari. A 2015 APC ta hau da Atiku Bagudu, a shekarar da jam'iyyar adawa ta fara kayar da shugaban ƙasa mai ci. Wannan ya nuna ba jam'iyyar da ta gaji mulki. Jama'a ke bayarwa, su ne kuma ke karɓewa.

Inda ake yanke magana

Mu a Dabai da sauran ƙasar Zuru, yawanci sai ranar zaɓe muke fitowa. Kafin ranar kuwa an riga an tankaɗe an rairaye a zaɓen fid da gwani. A 2022, Dokar Zaɓe ta wancan lokacin ta ba jam'iyyu hanya uku: 'yar tinƙe, wakilai, ko sasantawa. In mutanen kirki suka ce siyasa ƙazanta ce suka zauna a gida, 'yan kaɗan ne za su zaɓar mana wanda za mu zaɓa. Sa'an nan sai a kawo mana gishiri da sabulu da turmin atamfa. Gishirin zai ƙare cikin wata guda, amma famfon da ya lalace zai jira shekara huɗu.

Me za mu yi?

Kowane baligi ya mallaki katin zaɓe. Mai sha'awa ya yanki katin jam'iyyar da ta kwanta masa, ya riƙa zuwa taronta na mazaɓa, mata ma kada a bar su baya. Mu rubuta bukatun ƙauyenmu, mu miƙa wa kowane ɗan takara, mu ajiye kwafi. Ikilisiya ba ta kowace jam'iyya ba ce. Kada bambancin jam'iyya ya raba mu da ɗan'uwa, ko da maƙwabcinmu Musulmi.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wa ya fid da kansilanmu takara? Mu nawa muka je wurin?
2. Wane alkawari aka yi mana a 2023? An cika shi?
3. Waɗanne bukatu uku za mu fara rubutawa?