Ma'aunin Zafin Man Giya A Akori-Kura

Manomin Kajiji da Allah ya hore wa akori-kura ya san amfaninta. Ita ke kai taki gona, ita ke kwaso gero da dawa da kaka, ita ce kuma ke ɗaukar albasa ta bi ta Shagari da Boɗinga har kasuwar Sakkwato. To, amma waɗansu motocin da ake sayowa na hannu giyarsu mai canja kanta ce, watau otomatik. Irin wannan giya kuwa ba abin da ke kashe ta kamar zafi.

Ga dalili. Motar ba ta da kuloci a ƙarƙashin ƙafar direba, mai ne ke kai ƙarfin inji ga giya. Akwai wani kasko rufaffe tsakaninsu, cike da mai, da fukafukai a ciki suna fuskantar juna. Na gefen inji shi ke watsa mai, man ya tura na gefen giya. Idan kaya ya yi nauyi, ko taya ta nutse cikin rairayi a hanyar fadama, sai na farko ya yi ta gudu, na biyu yana jan jiki, man da ke tsakani ya yi ta dahuwa. A haɗa wannan da ranar watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasar Sakkwato kan wuce digiri 40. Agogon zafi da ke gaban direba kuwa na ruwan inji ne kaɗai, bai san abin da giya ke ciki ba. Sau da yawa sai an ji ƙauri, ko mota ta ƙi ja, kana a farga. A lokacin nan aikin gama ya gama, ga buhunan albasa a rana bakin hanya.

Man giya ya fi son zafi tsakanin digiri 80 da 95 na ma'aunin Salsiyas. Makanikai suna da wani lissafi, wai kowane ƙarin digiri 11 bisa 80 yana rage rabin kwanan man. Ko lissafin bai zama daidai wa daida ba, ya isa gargaɗi. In zafi ya kai wajen 120, robobin da ke tare mai sukan fara taurara, in ya ƙara hawa sosai kuma faifan da ke kama giya su fara zamewa.

Maganin abin shi ne a sa ma'auni. Kashi biyu ne: agogo mai allura da ake kafawa gaban direba, da ɗan ƙarfe mai zare kamar noti, wanda makanikai ke kira sansa. Shi ke taɓa man, yana aika labari ta waya.

Wurin da za a ɗaura sansa shi ne abin tunani. Akwai kwanon mai na ƙarƙashin giya. Nan ya fi sauƙin ganewa, amma man da ke cikinsa ya riga ya ɗan huce, saboda haka allura za ta nuna ƙasa da ainihin zafin da ke cikin kaskon. Akwai kuma bututun da ke fitar da mai daga giya zuwa lagireto don ya sha iska. Nan ne man ya fi zafi, allura kuma takan motsa da wuri. Ga mai hawa tudu da kaya da shiga yashi, bututun nan ya fi faɗin gaskiya, sai dai yana bukatar mahaɗi mai baki uku, kowane baki kuwa wurin yoyo ne in ba a ɗaure da kyau ba. Waɗansu giyoyin suna da ramin gwaji a jiki, an toshe da noti. Kada a cusa dogon sansa a nan sai bakanike ya auna zurfinsa, don kada ya taɓa kayan ciki.

In kwano aka zaɓa, sai a bari mota ta huce, a cire wayar batir, a tare tayu da dutse. Kada mutum ya shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita. A tsiyaye mai cikin mazubi mai tsabta, a kwance kwanon. A gefe ake hudawa, ƙasa-ƙasa yadda mai zai rufe sansa kullum, ba a gindi ba, inda kututture ko dutse zai fizge shi. Mai walda ya liƙa mazaunin zare, sa'an nan a wanke kwanon tas. Ɓarɓashin ƙarfe ko ƙwayar yashi ɗaya tana iya toshe hanyar mai, don haka wannan ba aikin bakin titi ba ne ran da ake iska. A mayar da kwano da sabon gasket. A ɗaura sansa da hannu tukuna, kana a ƙara kaɗan da sifana. Zarensa ƙanƙane ne, ƙarfi kan ɓata shi. Sansa mai waya ɗaya ta jikin zarensa yake haɗuwa da ƙarfen mota, in an naɗe shi da farin tef da yawa allura za ta yi ƙarya.

Wayoyi ba wuya. Ɗaya daga sansa zuwa agogo, a bi da ita nesa da salansa, a ɗaɗɗaure ta don kada karan dawa ya ja ta. Ɗaya ta wuta, daga inda wuta ke zuwa sai an murɗa makulli, da fis a kanta. Ɗaya a jikin mota, wurin da aka kankare fenti. Ta huɗu ta fitilar agogo ce saboda tafiyar dare.

Sai a zuba irin man da littafin motar ya ce, a ta da inji, a duba yoyo, a auna mai. Kafin duk wannan ma, mai sabuwar mota ya tambaya tukuna, gama da yawa an ƙera su da sansa a ciki, sai dai a karanta shi da ɗan akwati da ake soka wa ƙarƙashin sitiyari.

Ran da allura ta haye 110, direba ya rage gudu, ya koma ƙaramar giya. In ta ci gaba da hawa ya nemi inuwa ya tsaya, ya sa giya a P, amma kada ya kashe inji, domin sai inji na aiki man ke zagayawa ya huce. Bayan an sauke kaya a duba launin man. Mai lafiya ja ne garau. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, a canja shi kafin wata kasuwar.