Karatu: Sayen Akori-kura ta Hannu

A ƙasar Hausa akori-kura ce ke kai hatsi kasuwa, ta komo da taki da siminti. Kaɗan ne ke iya sayen sabuwa, saboda haka akan nemi ta hannu, kamar Toyota Hilux ko tsohuwar Peugeot 504. A da, ta Kwatano ake shigo da da yawa daga cikinsu, amma a farkon 2017 gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa.

Wani yakan sayar da shanu ya haɗa kuɗin, wani kuma ya jira kwasar adashi. Mai gudun bashi da ruwa yana iya neman murabaha a bankin Musulunci: banki ya sayi motar, ya sayar masa da ita bisa ribar da suka amince, shi kuma ya riƙa biya wata-wata.

Ranar ciniki mai hankali ba ya zuwa sai da bakanikensa, domin sabon fenti yana ɓoye aibi. Bakanike zai tayar da injin tun yana da sanyi, ya dubi launin hayaƙi, sa'an nan ya leƙa ƙarƙashi. Idan ya ga walda a jikin shasi, to motar ta sha lodi. Wajibi ne kuma lambar shasi ta dace da ta takardun kwastan. Bayan an yi sallama, akwai sauran la'adar dillali, da canjin suna, da inshora, wataƙila har da tayoyi. Dole mai saye ya ware musu kuɗi tun farko.

Tambayoyi
1. Yaya ake yin murabaha?
2. Me walda a jikin shasi ke nunawa?