Addinin Wika na Turawa da Matsalar Fassara Shi da "Maita"

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya saba da ƙamus na Turanci da Hausa ya san cewa kalmar *witch* ana fassara ta da "maye" ko "mayya", *witchcraft* kuwa a ce "maita". Wannan fassara takan zauna daidai matuƙar ana maganar tatsuniyoyin Turawa ne, ko shari'o'in da aka yi wa waɗanda aka zarga da maita a ƙarnukan da suka shuɗe. Amma a ƙarni na 20 an sami waɗansu mutane a Ingila da Amurka da suka ɗauki wannan suna da bakinsu, suka mai da shi sunan addini, watau Wika. A ƙidayar jama'a ta 2021 a Ingila da Wales, kimanin mutum 13,000 ne suka rubuta Wika a gurbin addini. Bahaushen da aka faɗa wa cewa mutum dubu goma sha uku sun amsa su mayu ne a gaban hukuma, ba shakka zai fahimci wani abu dabam da abin da ya faru.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana asalin Wika, da aƙidojinta, da alamominta, da ayyukan mabiyanta, sannan ta auna ko kalmar "maita" za ta iya ɗaukar wannan kaya.

2.0 Maita a Wurin Bahaushe

A tunanin Bahaushe na gargajiya, maye mutum ne mai ƙanƙarar maita a cikinsa, wanda yake iya ganin kurwar mutum, ya kama ta, ya ɓoye, har mai ita ya rame ya mutu idan ba a ceto shi ba. Akan ce maita gadonta ake yi, musamman ta wajen nonon uwa, ko kuma a saya. A waɗansu wurare ana kiran wanda ubansa kaɗai ne maye "nauzo", watau yana gani amma ba ya ci. Idan zargi ya tabbata a idon jama'a, akan tilasta wa wanda ake tuhuma ya tsallake majinyacin don ya saki kurwar. Akwai kuma sarautar Sarkin Mayu, wanda ake kai wa irin wannan ƙara.

Abin lura a nan shi ne, maita a Hausa mugun abu ce tsantsa, kuma suna ce da ake liƙa wa mutum. Karin maganar nan da ke cewa in maye ya manta, uwar ɗa ba za ta manta ba, ta isa ta nuna matsayin maye a zukatan mutane. Bahaushe ya kuma rarrabe maye da boka, da ɗan bori, da matsafi. Masanin al'adu Evans-Pritchard ya ci karo da irin wannan bambanci a wurin Azande na kudancin Sudan a littafinsa na 1937, inda ya raba tsakanin ƙarfin da ke cikin jikin mutum da kuma sihirin da ake yi da kayan aiki.

3.0 Zargin Maita a Turai

Turawa su ma sun daɗe da irin wannan tsoro. Tsakanin wajen 1450 da 1750 aka yi ta farautar mayu a ƙasashen Turai, kuma masana tarihi sun ƙiyasta cewa an kashe mutum 40,000 zuwa 60,000, wajen kashi uku cikin huɗu mata ne. Littafin *Malleus Maleficarum*, wanda Heinrich Kramer ya rubuta a Jamus wajen 1486, ya taimaka ƙwarai wajen yaɗa ra'ayin cewa mayya ta ƙulla alkawari ne da Shaiɗan. A garin Salem na Amurka, a 1692, an rataye mutum 19. Yawancin bayanan da aka rubuta daga bakin waɗanda aka tuhuma a nahiyar Turai an same su ne ta hanyar azabtarwa.

A 1735 majalisar Birtaniya ta yi sabuwar doka wadda ta daina ɗaukar maita a matsayin abin da yake aukuwa da gaske, ta koma hukunta duk wanda ya yi da'awar yana da irin wannan ƙarfi, a kan laifin yaudara. Wannan doka ta ci gaba da aiki har 1951 da aka soke ta. Soke ta shi ya buɗe ƙofa ga abin da ya biyo baya.

4.0 Asalin Wika

Kalmar ta fito ne daga tsohon Ingilishi, inda *wicca* ke nufin namiji mai sihiri, *wicce* kuwa mace. Mutumin da ya fito da addinin fili shi ne Gerald Gardner, wanda aka haifa a 1884 ya mutu a 1964. Ya yi aikin gonakin shayi da na roba, daga baya kuma aikin kwastan, a Silon da Borniyo da Malaya, ya yi ritaya ya koma Ingila a 1936. Ya yi da'awar cewa a 1939 waɗansu mutane a yankin New Forest, a kudancin Ingila, sun shigar da shi wata ƙungiyar asiri wadda ta gaji addinin Turawa na kafin zuwan Kiristanci. A 1954 ya buga littafinsa *Witchcraft Today*, sa'an nan *The Meaning of Witchcraft* a 1959.

Wannan da'awa ta jingina ne ga ra'ayin Margaret Murray, masaniyar tarihin Masar ta dā, wadda a littafinta na 1921 ta ce mutanen da aka kashe a zamanin farauta mabiya wani tsohon addini ne na neman albarkar ƙasa da haihuwa. Ita ce ma ta rubuta wa littafin Gardner na 1954 gabatarwa. Sai dai masana tarihi irin su Keith Thomas a 1971 da Norman Cohn a 1975 sun rushe wannan ra'ayi, suka nuna cewa Murray ta tsinci abin da ya dace da ra'ayinta ne daga takardun shari'a, ta watsar da sauran. Haka nan adadin mutum miliyan 9 da Gardner da waɗansu suka ce an kashe ba shi da tushe.

A 1999 Ronald Hutton na Jami'ar Bristol ya bi diddigin al'amarin a littafinsa *The Triumph of the Moon*, ya nuna cewa Wika sabon gini ce da aka yi da tsofaffin tubala. An ɗauko tsarin matakai uku na shiga daga ƙungiyar asiri ta Firimesin, aka ɗauko waɗansu kalmomin addu'a daga rubuce-rubucen Aleister Crowley, wanda Gardner ya sadu da shi a 1947, da kuma littafin *Aradia* na Charles Leland na 1899. Doreen Valiente, wadda ta shiga a 1953, ita ta sake rubuta yawancin addu'o'in, ta rage hannun Crowley a cikinsu. Da yawa daga mabiyan Wika masu ilmi sun karɓi wannan bincike, suna ɗaukar labarin tsohon addinin a matsayin hikaya mai ma'ana kawai.

Raymond Buckland ya kai Wika Amurka a farkon shekarun 1960. A can ta rarrabu. Zsuzsanna Budapest ta kafa reshe na mata zalla a 1971, littafin Scott Cunningham na 1988 kuma ya ba mutum damar bin addinin shi kaɗai ba tare da ƙungiya ba. A 1986 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka ta yanke cewa Wika addini ce a idon doka.

5.0 Aƙidojin Wika

Wika ba ta da littafi guda da kowa ya yarda da shi, ba ta kuma da shugaba ɗaya. Duk da haka akwai abubuwa uku da yawancin mabiya suka haɗu a kansu.

Na farko, suna girmama ababan bauta biyu, mace da namiji. Macen, watau Uwargijiya, ana danganta ta da wata, kuma ana siffanta ta da fuska uku: budurwa, da uwa, da tsohuwa, daidai da jinjirin wata, da cikarsa, da raguwarsa. Marubuci Robert Graves ya yi tasiri ainun wajen yaɗa wannan siffa a littafinsa na 1948. Namijin kuwa ana kiransa Mai Ƙaho, ana danganta shi da daji, da namun dawa, da rana. Ƙahon nan ya sa mutane da dama suke zaton Shaiɗan ne, amma mabiya Wika suna musun haka, suna cewa Shaiɗan ba ya cikin aƙidarsu sam.

Na biyu, suna da ƙa'idar ɗabi'a wadda ma'anarta ita ce mutum yana da 'yancin aikata abin da ya so matuƙar bai cuci kowa ba. Da yawansu sun kuma yarda cewa duk abin da mutum ya aikata, alheri ko sharri, zai komo masa ninki uku.

Na uku, sun yarda da sihiri, watau cewa mutum yana iya tattara nufinsa ta hanyar tsararren aiki don ya jawo sauyi, kamar neman lafiya ko kāriya ko buɗi. Akasarinsu kuma sun yarda cewa rai yakan sake dawowa duniya bayan mutuwa.

6.0 Alamomi da Kayan Aiki

Alamar da aka fi sanin Wika da ita ita ce tauraro mai tsini biyar, sau da yawa a cikin da'ira. Tsini huɗu suna wakiltar ƙasa, da iska, da wuta, da ruwa, na biyar da ke sama kuma ruhi. A 2007 hukumar kula da tsofaffin sojojin Amurka ta amince a riƙa zana wannan alama a kan kabarin sojan da ke bin addinin, bayan an kai ta ƙara. Akwai kuma alamar wata uku: cikakken wata a tsakiya, da lauje biyu a gefe da gefe.

Daga cikin kayan aiki akwai wuƙa mai baƙar ƙota da ake kira atame, wadda ba a yanka komai da ita, sai dai a nuna ko a zana da'ira a iska. Akwai wata mai farar ƙota ta yankan ganye da sassaƙa. Akwai sanda, da ƙoƙon sha, da faifai mai zanen tauraro, da tukunyar ƙarfe, da tsintsiya ta share wurin ibada. Wuƙa tana matsayin namiji, ƙoƙo yana matsayin mace. Kowane mabiyi a tsarin Gardner yakan kwafi addu'o'i da hannunsa a kundin da suke kira Littafin Inuwa.

7.0 Bukukuwa da Ayyuka

Mabiya sukan haɗu cikin ƙananan rukunoni, bisa al'ada waɗanda ba su wuce mutum 13 ba, a ƙarƙashin jagora mace da jagora namiji. Mai son shiga yakan jira shekara ɗaya da kwana ɗaya kafin a karɓe shi mataki na farko.

Suna da manyan bukukuwa takwas a shekara, waɗanda suke kira sabat. Huɗu suna bin tafiyar rana: wajen 21 ga Disamba da dare ya fi tsawo, wajen 21 ga Yuni da yini ya fi tsawo, sai wajen 21 ga Maris da wajen 22 ga Satumba da dare da yini suke daidaita. Sauran huɗun sun samo sunayensu daga tsofaffin bukukuwan Ailan da Sikotilan: Imbolc a farkon Fabrairu, Beltane a 1 ga Mayu, Lughnasadh a 1 ga Agusta, da Samhain a 31 ga Oktoba, lokacin tunawa da matattu. Tun da bukukuwan suna bin yanayin shekara ne, mabiya a Ostireliya da Afirka ta Kudu sukan juya ranakun da wata shida. Ban da waɗannan akwai taron esbat a kowace cikar wata.

Taro yakan fara da zana da'ira, mai faɗin ƙafa 9 a tsarin Gardner, a tsarkake ta da ruwa da gishiri da turare. Sai a kira kusurwoyi huɗu: gabas ta iska, kudu ta wuta, yamma ta ruwa, arewa ta ƙasa. Daga nan jagora namiji yakan roƙi Uwargijiya ta sauko a jikin jagora mace, ta yi magana da bakinta, abin da suke kira saukar da wata. Akan yi rawa da waƙa ana zagaya da'irar don tara ƙarfi, a aika shi ga bukatar da aka taru dominta. A ƙarshe a ci burodi, a sha ruwan inabi, a sallami kusurwoyi, a buɗe da'ira. Rukunonin da ke bin Gardner sau da ƙafa sukan yi wannan aiki tsirara, amma da yawa sukan sa dogayen riguna.

8.0 Matsalar Fassara

Idan aka jera abubuwan da suka gabata, za a ga bambancin a fili. Maita gado ce ko saye, Wika kuwa shiga ake yi da zaɓi. Maye ɓoye kansa yake yi, ɗan Wika yana rubuta sunan addininsa a takardar ƙidaya. Maita ba ta da abin bauta, ko ranar biki, ko ƙa'idar ɗabi'a, kuma aikinta cin kurwa ne, abin da babu shi a Wika ko kusa. In dai kama ake nema a al'adun Hausa, saukar da wata ya fi kusa da hawan iska a bori, aikin ganye da neman lafiya kuma ya fi kusa da bokanci, ko da yake asalinsu bai haɗu ba.

Saboda haka ya kamata mai fassara ya dubi zamani da muhallin kalmar kafin ya zaɓi tasa. Idan nassi yana magana a kan Salem ko farautar ƙarni na 16 da na 17, "maita" ta dace, domin a can ma zargi ne na cutar da mutane a ɓoye. Idan kuwa yana magana a kan Gardner da magadansa, ya fi kyau a ce "Wika" da "mabiya Wika", a ƙara ɗan bayani inda ake bukata.

9.0 Kammalawa

An ga yadda kalma ɗaya ta Turanci ta ɗauki ma'ana biyu: sunan laifin da aka kashe dubban mutane a kansa, da sunan addinin da ya bayyana a Ingila bayan 1951. Hausa ba ta yi wannan tafiya da kalmar "maita" ba, kuma har yanzu kalma ce da takan raba aure, ta kori tsohuwa daga gari, wani lokaci ma ta jawo asarar rai. Mai fassarar da ya jefa ta inda ba ta dace ba ya yi kuskure biyu: ya ɓata wa mai karatu fahimtar abin da ake nufi, ya kuma ba masu zargin maƙwabtansu hujjar ƙarya cewa ai ko a Turai mayu suna amsa sunansu.