Harshen Talla: Nazarin Tallar Fitilun Ado a Amurka

Talla hanya ce ta sarrafa harshe domin jawo hankalin mai saye. Wannan darasi zai duba misali guda daga ƙasar Amurka.

A can, da zarar kaka ta kama, bukukuwa kan zo a jere: Halowin ranar 31 ga Oktoba, bikin Godiya ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, sannan Kirsimeti. Bisa al'ada, magidanci kan hau tsani ya rataya fitilu a bakin rufin gidansa, bayan biki kuma ya sauke su cikin tsananin sanyi. Sai kamfanoni irin su Trimlight da JellyFish Lighting suka shiga sayar da ƙananan fitilun LED waɗanda ake kafawa sau ɗaya, ana sauya launinsu ta wayar hannu: ruwan lemo da shunayya a Oktoba, ja da kore a Disamba.

Abin lura shi ne, mai tallar bai cika tsayawa kan fitilar kanta ba. Tsani yake ambata, da haɗarin faɗuwa, da sanyi. Wato yakan tayar da tsoro tukuna, sannan ya miƙa magani. Ginshiƙin tallar kuwa kalma ce guda, mai ma'anar "dindindin". A bakin mai talla, nufinta shi ne ba a sauke fitilar. Mai saye kuwa yakan fahimce ta da cewa ba ta lalacewa, alhali hasken LED yakan dushe a hankali, na'urar da ke sarrafa shi ma tana iya mutuwa. Wannan harshen damo ne ake cin kasuwa da shi.

Jinga: Ɗalibi ya nemo tallar Hausa guda daga rediyo, ya fito da kalmar da ke ɗauke da irin wannan harshen damo.