Man da Ke Cikin Tukunyarmu

A watan hunturun da ya wuce wata mata ta kawo mini yaronta ɗan shekara biyu a ɗakin duba yara, inda nake aikin ba da shawara kan abinci. Ya rame, fatarsa ta bushe tana farfashewa, nauyinsa ya tsaya tun watanni huɗu. Da na tambaye ta abin da yake ci, sai ta ce, "Malama, ai tun da aka ce maigida yana da hawan jini na hana mai shiga gidana. Ko miya da ruwa nake kaɗa ta." Niyyarta kyakkyawa ce. Amma ta ɗauki mai a matsayin abu guda, kuma abokin gaba, ta hana shi ga wanda ya fi kowa buƙatarsa a gidan. Irin wannan nake gani kusan kowane mako, shi ya sa nake so in yi bayanin abin da ke cikin man nan da muke zubawa a tukunya.

Man gyaɗa, manja, man shanu, man riɗi, kitsen rago, duk ginin su iri ɗaya ne a asali. Ƙwayar mai tana da ƙashin baya da ake kira gilisarol, a jikinsa kuma an rataye sarƙoƙi uku. Kowace sarƙa ita ce fati asid. Ku ɗauke ta kamar carbi: kowace ƙwaya kabon ce, haidurojin na manne a gefenta. Kan sarƙar yana ɗauke da oksijin, shi ne ɓangaren asid ɗin, yana jituwa da ruwa. Jelar kuwa ba ta shiri da ruwa ko kaɗan. Abin da ya sa mai ba ya gauraya da ruwan miya ke nan.

Bambancin yana wuri biyu: tsawon sarƙar, da kuma ko tana da lanƙwasa. Idan kowace kabon ta cika da haidurojin, sarƙar miƙaƙƙiya ce kamar karan dawa, kuma kara miƙaƙƙe yana ɗauruwa dami tamau. Shi ne cikakken mai, wanda ke daskarewa. Idan kuwa akwai wurin da kabon biyu suka yi ɗauri biyu a tsakaninsu, sai sarƙar ta karye kwana a wurin, ta ƙi kwanciya daidai da 'yan uwanta, man ya zauna ruwa-ruwa. Misali ɗaya ya isa. Asid ɗin sitiyarik yana da kabon 18, babu lanƙwasa, sai zafi ya kai digiri 69 yake narkewa. Oleyik ma kabon 18 ne, amma da lanƙwasa ɗaya, yana narkewa a wajen digiri 13. Linoleyik, kabon 18 da lanƙwasa biyu, ruwa ne har ƙasa da digiri sifili. Tsawo ɗaya, hali daban.

Ba sai an je ɗakin gwaji ba. Da sanyin safiya ku duba kicin. Man shanu ya yi tauri a ƙwarya saboda fiye da rabinsa cikakke ne. Manja ya rabu, rabi daskararre rabi ruwa, domin kusan rabinsa cikakke ne, galibi asid ɗin falmitik mai kabon 16. Man gyaɗa yana zuba abinsa, don oleyik da linoleyik ne suka fi yawa a cikinsa.

To me jiki ke yi da su? Na farko kuzari: giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, na sitaci ko furotin kuwa 4. Cikin yaro ƙarami ne, ba zai iya cinye tuwon da zai ishe shi ba, sai an ƙara wa kununsa cokalin mai ko tunkuza. Abincin leda da ake bai wa yara masu tamowa, gyaɗa ce da mai da madara da sukari, kowace leda na ɗauke da kalori 500. Bitamin A, D, E da K ma ba sa shiga jini sosai sai da mai. Zogale da karas da aka ci gaya, yawancin amfaninsu na ido yana wucewa ne kawai.

Amma aikin da ya fi ba ni mamaki har yau shi ne na gini. Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana da katanga, kuma da fati asid aka yi ta, layi biyu, kawuna a waje suna fuskantar ruwa, jeloli a ciki. Lanƙwasar nan ita ke sa katangar ta yi laushi, saƙo ya shiga ya fita. Ƙwaƙwalwa da tantanin ganin ido cike suke da wata doguwar sarƙa mai kabon 22 da lanƙwasa shida, ana ce mata DHA. Jariri yana tara ta a watannin ƙarshe na ciki, sannan ya ci gaba da samunta a nonon uwa. Daga wata sarƙar kuma jiki ke ƙera sinadaran da ke kunna kumburi da zazzaɓi da daskarewar jini, kuma hanyar ƙera su ce asfirin ke toshewa.

Akwai sarƙoƙi biyu da jiki ba ya iya ƙerawa, dole a ci su. A 1929 George Burr da matarsa Mildred, a Jami'ar Minesota ta Amurka, suka ciyar da ɓeraye abincin da babu mai ko ɗigo. Girmansu ya tsaya, fatarsu ta yi ɓawo, jelarsu ta lalace. Daga nan aka gane linoleyik, wato omega-6, dole ne. Na biyun omega-3 ne. Omega-6 ba mu rasa ba, gyaɗa da riɗi sun wadatar. Omega-3 ne muke da ƙarancinsa. Yana cikin man waken suya, ya fi kuma yawa a kifi mai maiƙo kamar taitus da sadin. Ina roƙon masu ciki da masu shayarwa su ci irin wannan kifin sau biyu a mako in da hali.

Maigidan mai hawan jini fa? Shi ma ba a ce ya bar mai ba. Cikakken mai ne ke ɗaga kolastirol mai toshe jijiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin yini. Ya rage kitse da man shanu, ya koma man gyaɗa ko na waken suya, daidai gwargwado, ya kuma rage gishiri. Wanda nake tsoro ƙwarai shi ne man da masana'anta ke cusa wa haidurojin don ya daskare, irin na wasu bota da biskit. A nan lanƙwasar tana miƙewa ta zama abin da ake kira tiran fat, mai cutar da zuciya fiye da kowane. Dokar hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta ƙayyade shi a giram 2 cikin kowane giram 100 na mai.

Sai man suya. Wurin lanƙwasar nan rauni ne, nan iska da wuta ke kai farmaki. Duk lokacin da aka mayar da kaskon ƙosai ko awara kan wuta, sarƙoƙi na tsinkewa, suna sakin abubuwa masu cutarwa. Na san mai ya yi tsada, ba na zargin mai tuyar da ke neman na cefane. Amma idan ya yi baƙi, ya yi kauri, yana kumfa, ko yana hayaƙi tun kafin a jefa komai, ya gama aiki. A tace shi bayan kowace suya, a rufe, a ajiye nesa da rana, kada kuma a zuba sabo a kan tsohon.

Matar nan ta koma gida da umarni kaɗan: cokalin man gyaɗa a kunun yaro safe da yamma, ɗan manja a miyarsa, kifi idan an samu. Bayan mako shida ta dawo. Na ɗora shi a sikeli, allura ta motsa, fatar gwiwarsa ta yi sumul.