Gaiwa da Muhallinta

Gaiwa, wadda wasu ke kira maimama, kifi ce mai huhu, kuma tsawonta yakan kai mita ɗaya. Mazauninta shi ne fadamu da kududdufan Afirka ta Yamma, irin waɗanda ke ƙasar Funtuwa da Malumfashi, yankin da Kogin Sakkwato ya faro.

Idan ruwa ya janye da kaka, sauran kifaye sukan bi shi ko su mutu. Ita kuwa gaiwa sai ta nutse cikin laka, ta naɗe, ta lulluɓe kanta da yauƙin da ke bushewa ya zama tamkar kwanso, ta bar 'yar kafar shaƙar iska. Haka za ta kwanta har damina ta tashe ta. A tsawon waɗannan watanni, tsokarta ce abincinta. Ashe Bahaushe bai yi kuskure ba da ya ce gaiwa jikinta take ci.

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya ta cikin halittun da ba a fargabar ƙarewarsu. Sai dai wannan hukunci na nahiya ne, bai bayyana halin kowace fadama ba. Inda noman rani ya mamaye fadama, fartanya da garma sukan tono ta tana kwance. Da damina kuma maganin feshi yakan gangara cikin ruwan da namijin ke gadin ƙwai.

Jinga: Ɗalibi ya tattaro sunayen kifaye goma daga bakin masuntan madatsar ruwa ta Mairuwa, ya fayyace jinsin kowane suna, sannan ya tambaye su wanne ne ya fara wuyar samu.