Yadda Ake Ta Da Babur Da Ɗumama Injinsa

A unguwar Gwallameji ta birnin Bauchi, inda Kwalejin Fasaha ta Tarayya take, wadda aka kafa a 1979, babura kan fara zirga-zirga bisa hanyar Dass tun da asuba. A lokacin hunturu, musamman Disamba da Janairu, sau da yawa za ka ga mutum ya ta da babur, nan take ya murɗa totur har ƙarshe, wai yana ɗumama inji. Wannan ɗabi'a ita ke kashe inji tun kwanansa bai ƙare ba.

Ga dalili. Idan babur ya kwana, baƙin mai yakan gangara ya taru a ƙasan inji, sanyi kuma ya sa ya yi kauri. Kafin ya zagaya ya jiƙa fistin da zobbansa, ƙarfe na gugar ƙarfe. Haka kuma fetur ba ya saurin gauraya da iska cikin sanyi. Shi ya sa aka yi cok, wanda ke rage iskar da ke shiga kafireto.

Saboda haka a bi waɗannan matakai:

1. A fito da babur fili. Hayaƙin salansa yana ɗauke da iska mai guba, marar launi, marar wari, wadda kan kashe mutum cikin zaure ko ɗaki rufaffe.
2. A duba baƙin mai, a buɗe fetur, a tabbata babur ba ya cikin giya.
3. A ja cok, a kunna makulli, sa'an nan a buga kik ba tare da murɗa totur ba.
4. Da zarar inji ya daidaita, a mayar da cok. Barinsa a jaye yana shanye fetur, yana kuma baƙanta filogi.
5. A bar inji ya yi aiki a hankali na minti 1 zuwa 2. Kada a zarce, domin iskar tafiya ce ke sanyaya injin yawancin baburanmu.
6. A fara tafiya sannu-sannu, sai inji ya yi ɗumi sosai a ƙara wuta.

Jama'a, minti biyun nan sun fi arha bisa ga kuɗin sauke inji a wurin bakanike. Ga mai ci da iyalinsa da babur, lafiyar inji ita ce jarinsa. Rigakafi dai ya fi magani.